Rasuwar Malam Baƙo, Wanda Ya Ƙi Manta Shafi Na Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, tare da sallamawa ga hukuncin da ya sauko daga ofishin darakta, Madam Zeinabu Tanimu, sakatariya, mazauniyar Bukoki a nan Yamai, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa leƙowa ta tagar biro, wato ofishinmu, ya ga na'ura ya tambaya ko talabijin ce, rasuwar abokin aikinta kuma amininta, Malam Baƙo. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a cikin na'urar da ya zauna wata goma sha huɗu, bayan wata rashin lafiya da kwamiti ya gano masa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin porogaram ne, wato abin da ake buga rubutu da shi a kuma gyara a cikin ordinata, wadda wasu ke kira kwamfuta. Yana da sunan yanka mai haruffa uku, wanda ba a samu mai iya faɗinsa ba a biron. Zeinabu ce ta sa masa Baƙo tun ranar farko, don kuwa baƙon ne.

An haife shi a wata jami'a ta ƙasar sanyi, cikin ƙatuwar na'ura mai cin ɗaki guda, wadda ke tafiya da tsari irin nata, abin da masu sani ke kira sistem. Can ya girma, can ya koyi ladabi. Daga baya wani ɗalibi da aiki bai ishe shi ba ya tsige shi daga tsarin da aka haife shi a ciki, ya yi masa 'yan gyare-gyare, ya ɗora shi a kan wani tsarin na ƙananan na'urori, ba tare da an nemi ra'ayinsa ba. Mutanen ƙasar nan ba sai an yi musu dogon bayani a kan irin wannan ba. Haka ya iso Yamai cikin disket uku, 'yan faifai baƙaƙe, a jakar Sumana, mai kula da na'urar biro, wanda ya tafi ƙaro ilimi na wata shida ya dawo da gemu.

Saukarsa ba ta zo da sauƙi ba. Kwana biyu Sumana na zura disket yana zarewa, zufa na ɗiga daga sabon gemun, baƙo ya ƙi zama. Da an tashe shi sai ya rubuta layi ɗaya da Ingilishi ya koma ya kwanta. Duk biron Faransanci aka karanta, don haka aka kwafi layin a takarda aka kai wa wani mai gyaran rediyo a Zongo da ya taɓa zaman Legas. Shi ya fassara: wai yana neman wani ɗaki da ya saba ajiye kayansa a gidansu, bai gan shi ba. Sumana ya buɗe wani ɗaki fanko a cikin na'urar ya rubuta masa sunan wancan na gida. Nan take marigayin ya shiga ya zauna, ya yi ƙarar nan da kowa ya san shi da ita: "Tit!" Har ya rasu bai gane yaudararsa aka yi ba, Zeinabu kuma ba ta taɓa samun zuciyar gaya masa ba.

Marigayin mai hali biyu ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. A hali na farko, duk abin da ka buga zai karɓa ya rubuta, ko da yabon darakta ne. A hali na biyu, kowane maɓalli umarni ne: wannan ya yanke, wannan ya share, wannan ya ajiye. A makon farko Zeinabu ta zauna za ta ƙara gaisuwa a ƙarshen wani rahoto, ba ta san ya tashi da hali na biyu ba. Ya share mata aikin yini guda, ya ajiye sharar da kyau, ya ce "Tit!" Ta yi kuka, ta zage shi, ta zagi ɗalibin da ya kawo shi duniyarmu, ta ce a dawo mata da tsohuwar mashin ɗinta ta buga takarda.

Ranar ce aka gano ciwon da zai yi ajalinsa, kodayake a lokacin ba ciwo aka kira shi ba. Sumana ya zo ya dudduba, sai ga rahoton nan lafiya lau a gefe, da sunansa, sai dai an ƙara masa wata 'yar alama a ƙarshen suna mai kama da wutsiyar ƙadangare. Ashe a gidansu haka ake yi. Duk takardar da aka canza, sai a ajiye tsohuwar a gefe, ko za a yi nadama. Ɗalibin da ya sauya masa tsari ya bar masa wannan tarbiyya.

"Madam," in ji Sumana da Hausarsa ta Zabarmawa, "ga layi nan ɗaya. In ka canza shi, zai daina ajiye tsoho. Wuri babu yawa cikin inji."

Zeinabu ta share hawayenta ta ce za ta canza bayan la'asar. Wata goma sha huɗu ke nan, la'asar ɗin ba ta yi ba.

Daga nan suka shaƙu. Yatsunta suka san halinsa, har ta kai da ta dubi fuskar na'urar ta san da wane hali ya tashi. Bai taɓa tambayarta me ya sa ta makara ba. Bai taɓa ce mata ta sake buga takarda sukutum don an manta "Mai Girma" a layi na uku ba. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo, shi ne na farkon nuna mata abin da ya tsira. Ta ƙaunace shi, gaskiyar magana ke nan, kuma ta ce a rubuta haka.

Biron da ya yi wa hidima ba za mu faɗi sunansa ba, don muna son ci gaba da zuwa cikinsa. Aikinsa dai sananne ne. Damina ta ƙi bara, rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura, kogi ya janye har masu lambu a Gamkale na bin ruwa da bokiti cikin yashi. Garuruwan da hatsinsu ya ƙare sukan aiko da labari, biron ya jera sunayensu a takarda duk wata, a kai wa Kumandan, babban sojan bariki, shi kuma ya tura kamyo, wato babbar motar kaya, da buhunan gero. Garin da ke cikin takarda ya ci tuwo. Garin da ba ya ciki, a wajen hukuma ƙoshe yake.

Daraktan biron, Mushe Halidu (Mushe ɗin na Faransanci ne, wato Malam), mutum ne mai tsoron Allah, amma tsoron kaki ya fi fitowa fili a fuskarsa. Ranar da Kumandan ya fara kawo ziyara, Mushe Halidu ya tare shi da jawabin maraba mai shafi bakwai. A shafi na huɗu Kumandan ya dubi agogo ya ce, "Ni mutumin shafi ɗaya ne." Ya shiga motarsa ya tafi, ya manta. Mushe Halidu bai manta ba. Tun daga ranar, duk abin da zai fita daga biron zuwa bariki, shafi ɗaya ne, ko da lissafin taurarin sama aka nema.

To, shafi layi hamsin da biyar yake ɗauka. Kan takarda, da sunan ƙasa da take da sunan ma'aikata da na reshe da na ƙaramin reshe, ya ci tara. Muƙaman Mushe Halidu da wurin sa hannunsa da hatiminsa sun ci shida. Saura arba'in. Garuruwan da suka aiko kuka a watan nan kuwa sittin da uku ne. Kuma ana jera su ne yadda labarinsu ya iso. Na bakin gudoro, wato titin kwalta, nasu kan zo a mota, su kama layin gaba. Na can cikin duwatsu nasu kan fara da jaki, ya koma raƙumi, ya jira kamyon kasuwa, ya iso bayan an cika arba'in.

Na sittin da ɗaya shi ne Tungar Alu, can bayan Tawa, inda aka haifi Zeinabu, inda kuma mahaifiyarta Inna Delu ta ce ba za ta taso ta bar tsofaffin da ba su iya tafiya ba. Wata biyu a jere Zeinabu na buga sunan garinsu da yatsunta, tana share shi da yatsunta. Ta aika da geron da ta iya, tsohuwar ta rarraba wa gida goma sha ɗaya. Saƙo na ƙarshe wani direban kamyo ne ya kawo shi da baki, ya kuma faɗe shi yadda aka ba shi: "Ka ce ma ɗiyata lahiya lau muke, ta bar damuwa. Anza ce dai ta hwara ƙarewa." Anza, ga mutanen birni da Allah ya rufa wa asiri, 'ya'yan wani itacen daji ne masu ɗaci, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu.

A wata na uku, ranar Laraba da hantsi, Zeinabu ta buga sittin da uku cif, ta ajiye. Mushe Halidu ya sauko ya tsaya a bayanta, hannu a baya.

"Bon, Madam. Daga na arba'in da ɗaya zuwa ƙasa, share."

"Mushe, da mun rage layukan sama mana. Ko na ƙasan nan. Ai Kumandan ya san sunanka."

"Madam Zeinabu, so kike in kai wa soja takarda ba kai ba ƙafa? Wata mai zuwa za su shiga."

"Haka ka ce wancan watan, Mushe. Uwata na cikin na ƙasan nan."

"Kowa da uwarsa, Madam. Ni na kawo fari? Share, wala, shi ke nan!"

Ta danna maɓalli uku. Marigayin yana hali na biyu, ya bi umarni kamar kowane ma'aikaci nagari, garuruwa ashirin da uku suka ɓace daga fuskar na'urar, ko "tit" bai ce ba. Mushe Halidu ya sa hannu a shafinsa ɗaya tilo, ya buga hatimi har sau biyu, ya bar mata ta rufe ambulan kamar kullum, ya tafi ɗaurin auren ɗan wani babba.

Akwai wata alama a maɓallan na'urar mai kama da tauraro. In aka buga farkon sunan takarda aka bi shi da ita, duk takardar da ta fara da wannan suna sai ta fito, har da mai wutsiya. Abin da ya gudana tsakanin yatsun Zeinabu da wannan tauraro, masu wannan sanarwa ba su gani ba, domin dukansu taga suke kallo a daidai lokacin. Abin da suka ji kawai shi ne injin bugawa ya sake ɗaukar kukansa, "karrr, karrr, karrr," ya daɗe fiye da yadda ya saba.

Baba Hasan, tsohon soja mai kai takardun biro a kan keke, ya karɓi ambulan ya jinjina ta a tafin hannu.

"Madam, yau takardar ta yi ƙiba."

"Baba, bana ita kaɗai ta samu yi a ƙasar nan."

Tsohon ya dube ta, ya cusa ambulan cikin rigarsa maimakon kwandon keke, ya kama hanyar bariki.

Washegari da safe motar soja ta tsaya a ƙofar biro. Kumandan ya shigo da takardu biyu, ɗaya mai shafi guda da hatimi, ɗaya mai shafi biyu ba hatimi, ya ajiye su a teburin Mushe Halidu ya tambaya wacce ce gaskiya. Mushe Halidu ya ce dukansu. Kumandan ya tambaya wa ya ce a yanke garuruwa ashirin da uku. Mushe Halidu, cikin ladabi, ya tuna masa da maganar shafi ɗaya. Kumandan ya daɗe yana kallonsa kafin ya tuna da jawabin maraba. Bai yi dariya ba. Ya ce wata biyu an bar mutane ba hatsi, an kuma aiko masa takardu biyu masu ƙaryata juna, don haka yana son sunan mai laifi kafin azahar.

A wannan zamani, in an ce ana son suna, ana samu. Mushe Halidu ya juya a hankali ya dubi Zeinabu. Ita kuwa ta san inda ake tura ma'aikacin da ya kunyata shugabansa: can arewa, inda wasiƙa kan yi wata uku a hanya, ga 'ya'yanta uku a Bukoki. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai Sumana ya riga ta.

"Mon kumandan, Madam bai yi komai ba. Wannan porogaram ne. Haka aka haife shi can ƙasarsu. In an ce ya share, yana sharewa, amma yana ɓoye tsoho. Wani lokaci kuma tsohon yana fitowa da kansa."

"Da kansa?"

"Da kansa, mon kumandan. Baƙo ne, bai san yadda muke yi nan ba."

Mushe Halidu ya kama wannan magana da hannu biyu, don ya lura in aka tsananta wa sakatariya tambaya, za ta faɗi wanda ya tsaya a bayanta. Aka kafa kwamiti na mutum uku, shi ne shugaba. Suka zauna kwana huɗu, suka sha lemo, suka fito da sakamako mai shafi ɗaya. An samu marigayin da laifi biyu: ya yanke garuruwa, kuma ya ƙi yanke su. Hukunci, a shafe shi daga na'urar. Kumandan ya sa hannu a kan hukuncin ba tare da ya ɗaga kai ba. A zama guda ya sa hannu a kan wata takardar, ta kamyo shida zuwa garuruwa ashirin da uku, wannan kuwa ya karanta ta har ƙasa.

Ranar Talata Sumana ya zauna a kujerar Zeinabu ya buga umarnin shafewa. Na'urar ta tsaya ta yi tambaya, ko an tabbata? A duk wannan lamari, tun daga yanke garuruwa har zuwa zaman kwamiti, ita kaɗai ce ta yi wannan tambayar. Sumana ya danna. Marigayin bai yi gardama ba, bai kira sunan kowa ba. Ya ce "Tit!" sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, shi ke nan.

Zeinabu ta yi kuka a gaban kowa, kuma ba kukan ganin ido ba ne. Ta san yatsan da ya danna tauraro. Ta san wanda aka ɗora wa kayanta ya ɗauka bai ce uffan ba. Tana baƙin cikin rashinsa, tana jin kunyarsa, kuma ta ce in da za a dawo da ranar Larabar nan, abin da ta yi shi za ta sake yi. Sumana ya tsaya a kanta ya ce, "Kala suuru, Madam, sai haƙuri," da Zabarmanci da Hausa, ko ɗaya zai kama.

Marigayin ya rasu ya bar na'ura ɗaya, wadda yanzu aka lulluɓe da zane. Ya bar injin bugawa, wanda bai sake kuka ba. Ya bar ɗakin nan fanko mai sunan gidansu, don Sumana ya ce hannunsa ba zai iya rushe shi ba. Ya bar disket uku. Ya bar Mushe Halidu a kan kujerarsa, da takardar yabo a bango saboda saurin gano mai laifi. Ya kuma bar garuruwa ashirin da uku waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, ba kuma za su ji ba.

Magajiyarsa ita ce tsohuwar mashin ɗin buga takarda, wadda aka sauko da ita daga kan kabad aka goge. Mushe Halidu ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta, domin ita ba ta da ɓoye-ɓoye. Ita ma dai da takardar karbon ake aiki da ita, kowane shafi da kwafinsa a ƙasa, amma iyalan mamacin na roƙon jama'a kada a tayar masa da hankali a cikin makoki.

Iyalan na godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa, musamman Baba Hasan, wanda ya tsaya a gaban na'urar ya sara mata, da mai gyaran rediyo na Zongo, da shi kansa Mushe Halidu, wanda ya sauko takanas ya ce wa Zeinabu wannan rashi na kowa ne.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa. Ya ce ba a yi wa porogaram salla, ya kuma ce mu ji tsoron Allah. Saboda haka gobe Alhamis da ƙarfe goma, za a naɗe disket ukun a ambulan fara, a sa su a aljihun kabad na ƙasa, a kulle, mabuɗi ya koma hannun darakta. Sumana ya rantse cewa disket uku ne, kuma baƙaƙe ne kamar waɗancan da ya zo da su. Ba wanda ya tambaye shi ko su ɗin ne. Ba a bukatar kowa ya kawo sadaka. Mamacin ya riga ya fitar da tasa, kamyo shida.

Ba za a yi zaman makoki a Bukoki ba. Madam Zeinabu ta nemi hutun rasuwa na kwana bakwai, Mushe Halidu ya sa hannu, tunda takardar shafi ɗaya ce. Ranar Juma'a da sassafe za ta hau kamyo na shida, a kan buhuna, zuwa Tungar Alu. Yau mako biyar rabon da ta ji daga Inna Delu, ba ta kuma san wa za ta tarar a ƙofar gida ba. Tana roƙon addu'ar jama'a, ba don mamacin ba.

Mai son yi mata gaisuwa ya same ta can. Wanda bai san garin ba ya duba takarda: yana shafi na biyu, layi na uku daga ƙasa.